Sojan Da Aka Bari A Bakin Kogi

Karatu: Irmiya 38:1-13 da 39:15-18

  

Duk wanda ya saba bin hanyar Kawo a nan Kaduna ya san Barikin Dalet. Kullum muna kiran sunan, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya ko daga ina ya fito. Dalet sunan wani wuri ne a yankin Arakan na ƙasar Burma, wadda tsofaffin sojojinmu suke kira Bama. Ba Bama ta Borno muke nufi ba, wata ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda yau ake ce da ita Myanmar. Haka nan Barikin Chindit na Zariya da Barikin Myohaung na Legas, duk daga yaƙin can sunayensu suka samo asali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun kwashi sojoji wajen 100,000 daga Afirka zuwa fagen yaƙin Bama don su kara da sojojin Japan. Da yawa ƙwarai daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, har da kakannin waɗansunmu daga nan Arewa. Yau muna so mu ɗauki labarin ɗaya daga cikin samarin nan, mu ga abin da ya same shi ranar da ya faɗa hannun abokan gaba, sa'an nan mu aza labarin kusa da Maganar Allah mu ga abin da za ta koya mana.

Sunansa Isaac Fadoyebo, wato Ishaku a bakinmu. An haife shi a watan Disamba na 1925 a ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, cikin Jihar Ondo ta yanzu. Kirista ne, ya kuma yi makarantar firamare, amma da ya gama bai sami hanyar ci gaba da karatu ba. Ana cikin haka sai ya ji ana shelar ɗaukan soja. A watan Janairu na 1942 ya ba da sunansa, yana da shekara 16 kacal. Aka koya masa aikin jinyar masu rauni, aka sa shi cikin wata ƙungiyar asibitin soja mai lamba 29, a ƙarƙashin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. A 1943 suka shiga jirgin ruwa, suka zaga ta Afirka ta Kudu har suka sauka Indiya. Daga can aka tura su cikin kurmin Bama, zuwa kwarin wani kogi da ake kira Kaladan.

Da safiyar ranar 2 ga Maris 1944, ƙungiyarsu tana bakin kogin nan kusa da wani ƙauye mai suna Mairong. Sun gangaro ne a kan gora da aka ɗaɗɗaure, suka yada zango a wurin, ba su san sojojin Japan sun riga sun iso ɗaya gaɓar ba. Kwatsam sai harbi ya tashi. Ku tuna fa, waɗannan masu jinya ne, aikinsu ɗaure rauni. Waɗansu suka mutu nan take, waɗansu suka tsere cikin daji, waɗansu aka kama su. Harsashi ya farfasa wa Ishaku ƙafar dama, wani kuma ya same shi a jiki. Wani likita Bature, Kyaftin Brown, ya zo wurinsa don ya taimake shi. Sojojin Japan suka ƙetaro suka tafi da likitan, ba a ƙara ganinsa ba. Da suka zo kan Ishaku, suka umarce shi ya tashi ya bi su. Ya kasa. Suka dube shi suka ga wannan ba zai kai gobe ba, suka bar shi kwance cikin jininsa suka yi gaba. Shekararsa 18 a lokacin.

Waɗanda suka san tarihin yaƙin nan sun san abin da ake nufi da zama fursunan yaƙi a hannun Japan. Daga cikin sojojin Ingila da Amurka da abokansu da aka kama, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ya mutu a tsare, saboda yunwa da cuta da aikin dole. Ashe ƙafar nan da ta karye ita ce ta hana a tafi da Ishaku. Gaskiyar Bahaushe da ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, ko da yake mai kwance cikin azaba ba ya iya ganin haka a ranar.

Ba shi kaɗai aka bari ba. Akwai wani Saja David Kargbo, mutumin Saliyo, shi ma an harbe shi a ƙafa. Rundunarsu ta janye daga kwarin, su biyu suka rage a ƙasar da abokan gaba suke riƙe da ita, ba magani, ba abinci, ba su kuma jin harshen mutanen wurin. A gida Nijeriya aka sanar da iyayen Ishaku cewa ɗansu ya ɓace a bakin daga, aka yi kuka, aka fid da rai.

Mutanen ƙauyen Mairong Musulmi ne, talakawa manoman shinkafa, daga jama'ar da duniya ta sani yau da sunan Rohingya. Waɗansunsu suka riƙa kawo wa sojojin nan 'yar shinkafa da ruwa a inda suke ɓoye cikin daji. Makonni suka wuce, damina ta sauka, irin daminar ƙasar can da ake kwana a wuni ana sheƙa ruwa. Sai wani manomi mai suna Shuyiman ya yi abin da sauran ba su yi ba. Ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa, ya ɓoye su, shi da matarsa suka riƙa ciyar da su daga ɗan abin da suke da shi. Sojojin Japan suna yawo a yankin, kowa kuwa ya san hukuncin wanda aka kama yana ɓoye sojan Ingila. Shuyiman ya sa ransa da na iyalinsa a kan hanyar mutuwa saboda baƙi biyu, baƙar fata, waɗanda ba su da ko anini da za su biya shi. Haka aka zauna har watan Disamba na 1944, lokacin da sojojin ɓangaren Ingila suka sake shigowa kwarin suka same su da rai. Wata tara ke nan tun ranar da aka bar su a bakin kogi.

To, bari mu koma ga karatunmu. A cikin Irmiya sura 38 ma lokacin yaƙi ne. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, abinci ya ƙare a birni. Manyan fada suka zargi annabi Irmiya da karya zuciyar mayaƙa saboda saƙon da yake faɗa, sarki Zadakiya kuwa ya sakar musu shi. Suka zurara shi da igiya cikin wata rijiya da ba ruwa a cikinta sai laka, ya nutse cikin lakar, suka tafi abinsu. Ba su zub da jininsa ba, sun dai bar wa yunwa ta ƙarasa aikin, kamar yadda aka bar Ishaku. A cikin dukan birnin, mai cike da firistoci da malaman Attaura, mutum ɗaya ne ya buɗe baki. Sunansa Ebed-melek, baƙo ne daga ƙasar Kush, wato mutumin Afirka, bara a gidan sarki. Ya tafi ya sami sarki a ƙofar birni, ya faɗa masa a fili cewa abin da aka yi mugunta ne. Da ya sami izini, bai tafi rijiyar kai tsaye ba. Ya fara biyawa ta ɗakin ajiya ya tattaro tsummoki, ya zurara wa annabin, ya ce ya sa su a hammata don kada igiya ta yanke shi. Ku dubi irin wannan tausayi. A sura 39 Allah ya aika wa Ebed-melek saƙo na kansa, cewa birnin zai faɗi, amma shi za a tsirar da shi, domin ya dogara ga Ubangiji.

A Urushalima mutumin Afirka ne ya fid da annabi daga rami. A Bama kuwa mutumin Afirka ne yake cikin ramin, wani baƙo ya fid da shi. Abin da muke so mu riƙe daga labaran nan biyu shi ne, Allah ba ya manta da wanda mutane suka bari a baya, in kuwa zai kai gare shi, sau da yawa da hannun ɗan Adam yake miƙa igiyar.

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce a gare mu mutanen Kaduna. Garinmu garin soja ne tun zamanin Turawa. Tun 1964 Makarantar Horon Hafsoshin Soja, wato NDA, take a nan, muna ganin 'ya'yanmu suna shiga suna yara suna fitowa da anini a kafaɗa. Mun tuna da daren 24 ga Agusta 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da wani Manjo, wanda bai sami kuɓuta ba sai a watan Satumba. Tun 2009 kuma ake tura samarinmu yaƙin Arewa maso Gabas. Waɗansu sun dawo lafiya, waɗansu an kawo gawarsu, waɗansu kuwa an ce sun ɓace. Wannan kalma, ya ɓace, tana da nauyi ƙwarai. Matar da mijinta ya mutu ana zuwa mata gaisuwa, a yi jana'iza, a yi addu'a, ta san inda ta tsaya. Amma matar sojan da ya ɓace ba ta da kabarin da za ta ziyarta, ba ta kuma da mijin da za ta dafa wa tuwo. Duk ƙarar waya gabanta ya faɗi. Yara suna tambaya yaushe Baba zai dawo, ba ta da amsa. Bayan wata biyu ko uku masu zuwa gaisuwa sukan ɗauke ƙafa, ta rage ita kaɗai da jiranta.

'Yar'uwa, in kina jinmu a yanzu, ba za mu yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Daga bakin kogin Kaladan Ishaku ya dawo, amma Kyaftin Brown, wanda ya tsaya don ya taimake shi, bai dawo ba. Ba wanda zai ce likitan nan ya fi Ishaku zunubi. Littafin Ibraniyawa sura 11 ya lissafta masu bangaskiya da suka tsira daga takobi, ya kuma lissafta masu bangaskiya da takobi ya ci, ya sa su duka a layi ɗaya. Abin da za mu faɗa miki da tabbaci shi ne, takardar ofis tana iya cewa ba a san inda mijinki yake ba, amma Allah ya san dajin, ya san gindin itacen, ya san ko ya ci abinci yau. Wata tara iyayen Ishaku suna ɗaukarsa matacce, a cikin watannin nan kuwa ba ranar da Allah bai san inda yake kwance ba. Ko mijinki yana raye ko ya riga ya huta, bai fita daga idon Ubangiji ba, ke ma ba ki fita ba.

Abu na biyu, mu lura da irin hannun da Allah ya yi aiki da shi. Da an tambayi Irmiya wa zai cece shi, da wataƙila ya ambaci wani firist ko wani ɗan kabilarsa. Da an tambayi Ishaku, da ya ambaci Turawan da ya yi wa aiki. Amma Allah ya aiko bara Bakushe wurin ɗaya, ya aiko manomi Musulmi wurin ɗayan. Ubangijinmu Yesu ma da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, a Luka sura 10, ya ɗauki Basamariye, mutumin da masu sauraronsa suka fi ƙi, ya mai da shi abin koyi.

Wannan ya taɓa mu a inda yake mana ciwo. Mun san abin da ya faru a garin nan a watan Fabrairu na 2000 da watan Nuwamba na 2002. Bayan rikice-rikicen nan kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. 'Yan'uwanmu da yawa suka kwashe kaya suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi da yawa kuma suka baro can suka dawo wannan ƙetare. Mu da muka rage a arewacin kogi mun san yadda majami'unmu suka ragu, mun kuma san tsoron da yakan taso duk lokacin da aka ji wata jita-jita. Ba mu ce a manta da waɗanda aka kashe ba. Amma gaskiya ta wajabta mana mu tuna da ɗaya gefen labarin. A cikin kwanakin nan na wuta akwai Kiristan da maƙwabcinsa Musulmi ya kulle a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa, akwai kuma Musulmin da Kirista ya ɓoye a ƙetaren kudu. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar cikin Barikin Ladi ta Jihar Filato, wani tsoho limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su ga maharan. Irin su Shuyiman ba su ƙare a duniya ba. In muka koya wa 'ya'yanmu cewa duk wanda yake wancan addini maƙiyi ne, mun koya musu ƙarya, mun kuma rufe idonsu daga ganin hannun da wata rana Allah zai iya miƙo musu.

Yanzu ga wani ɓangare na labarin da ba za mu ɓoye muku ba, ko da yake yana da wuyar ji. Sa'ad da mutanen ƙauyen suka fara zuwa wurinsu, sojojin nan biyu sun ce musu su Musulmi ne. David ya ce sunansa Dauda, Ishaku ya zama Sulemanu, da waɗannan sunaye kuma aka san su har suka bar ƙauyen. Ishaku bai ɓoye wannan ba daga baya, shi da kansa ya ba da labarin. Mun san waɗansu masu sauraro za su ce, to, ina shaidarsa ta Kirista? Za su tuna da Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14 da aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi a watan Fabrairu na 2018, wadda aka riƙe ta sa'ad da aka saki sauran a watan Maris domin ta ƙi musun bangaskiyarta. Tambayar tana kan hanya. Ubangiji ya yi magana a fili a Matiyu sura 10 a kan shaida shi a gaban mutane da kuma musunsa, ba mu da ikon sassauta abin da ya faɗa. Abin da Leah ta yi shi ne abin da aka kira kowane mai bi ya yi, muna kuma roƙon Allah ya ba mu irin wannan ƙarfin hali in ranarmu ta zo.

Amma kafin mu ɗauki dutse mu jefi yaro ɗan shekara 18 mai karyayyar ƙafa a cikin dajin da ba nasa ba, mu tuna da Bitrus. Bitrus babban mutum ne, lafiyarsa ƙalau, ya yi shekara uku yana bin Yesu, duk da haka tambayar wata baranya ta sa ya yi musu har sau uku. Ubangijin da ya yi gargaɗin nan na Matiyu 10, shi ne kuma ya tashi daga matattu ya je ya nemi Bitrus a bakin teku, ya ba shi abinci, ya mayar da shi bakin aiki, kamar yadda muke karantawa a Yohanna sura 21. Jinƙan da ya sami Ishaku ba ladan jarumtaka ba ne. Jinƙai ne kawai, irin wanda ni da kai muke rayuwa a kansa kowace rana. Muna faɗin wannan domin a cikin ikkilisiyoyinmu akwai waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga ko 'yan ta'adda, sojoji da farar hula, maza da mata, suna ɗauke da abin da ba su iya faɗa wa kowa ba. Wani an tilasta shi ya furta abin da bai gaskata ba. Wata an yi mata abin da ba ya faɗuwa. Suna zaune a bencin baya suna tsammani Allah ya gama da su. Ɗan'uwa, in kai ne, ka kawo abin nan gaban Yesu yadda yake, ka faɗa masa. Wanda ya karɓi Bitrus ba zai kore ka ba. Mu kuma sauran jama'a, aikinmu mu zo da tsummokin Ebed-melek, mu jawo ɗan'uwa a hankali yadda igiya ba za ta ƙara masa rauni ba. Yawan tambaya da tsegumi a bakin majami'a igiya ce marar tsumma.

Abu na uku, muna da magana da ku 'yan'uwanmu masu ɗamara. Wata rana kai ne za ka tsaya da bindiga a kan wanda ya faɗi, ya ɗaga hannu, ko ya kasa tashi. Watakila ma yaro ne kamar Ishaku, wanda talauci ko ruɗi ko dole ya kai shi inda yake. A littafin Sarakuna na Biyu sura 6, Allah ya ba da rundunar Suriyawa a hannun sarkin Isra'ila a tsakiyar Samariya. Sarki ya yi ɗokin ya karkashe su, amma annabi Elisha ya hana, ya sa aka ba su abinci da ruwa aka sallame su. Dokar duniya ma ta bi wannan sawu. Yarjejeniyar Janeba ta 1949, wadda Nijeriya take cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta hana kashe fursunan yaƙi ko azabtar da shi, ta kuma wajabta a yi jinyar mai rauni ko na wane ɓangare ne. A farkon yaƙin basasa a 1967, Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa, ya ba sojojin tarayya ƙa'idar aiki a rubuce, wadda ta ce kada a kashe sojan da ya miƙa wuya. Ba ko'ina aka bi ta ba, ƙasar nan kuwa ta daɗe tana jin ciwon wuraren da aka karya ta. Mun san zafin ganin an kashe abokinka a gabanka. Amma wanda ya riga ya faɗa hannunka amana ne, za ka kuma ba da lissafinsa a gaban Wanda ya fi kowane kwamanda. Ka miƙa shi ga hukuma, shari'a ta yi aikinta, ka koma gida da hannu mai tsabta.

Bari mu ƙarasa muku labarin Ishaku. Bayan jinya a asibiti ya dawo Nijeriya a 1945. Da ya isa ƙauyensu mutane suka firgita, suka riƙa watsa masa ƙasa don su tabbatar ba fatalwa ba ce, gama sun riga sun yi makokinsa. Ya rayu da ɗingishi har ƙarshen ransa. Ya yi aikin gwamnati a Legas, ya yi aure, ya ga 'ya'ya da jikoki. Ya rubuta labarinsa, aka buga shi a 1999. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, wato bai sami hanyar komawa ya gode wa Shuyiman yadda ya kamata ba. A 2011 wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips na gidan talabijin na Aljazeera, ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa ya tafi da ita har ƙasar Bama. Ya tarar Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma ya sami 'ya'yansa da jikokinsa, suna kuma tune da baƙin nan biyu da mahaifinsu ya ɓoye. Aka karanta musu wasiƙar, shekara 67 bayan abin ya faru, suka yi ta kuka. A watan Nuwamba na 2012 Ishaku ya rasu yana da shekara 86. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In akwai wanda ya tsaya maka a ranar wahala, ko wane ne shi, kada ka jira shekara sittin kafin ka je ka ce masa na gode. Mu kuma tuna da jama'ar Shuyiman cikin addu'a, gama a 2017 fiye da mutum 700,000 daga cikinsu aka kora daga gidajensu suka gudu zuwa Bangaladash. Zuriyar masu ba da mafaka sun zama masu neman mafaka.

Me za mu yi ke nan a wannan mako? Ibraniyawa 13:3 ta umarce mu mu riƙa tunawa da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu. Bari kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suke hannun masu garkuwa ko suka ɓace a bakin daga, a riƙa kiran sunayen nan ɗaya ɗaya a taron addu'a, kada a daina don an ga lokaci ya ja. Zumuntar mata, ku nemi matan nan da suke jira a bariki da cikin unguwa, ku je da ɗan hatsi da sabulu, ku zauna da su, ku koma kuma wata mai zuwa. Dattawa, ku bincika ko kuɗin makarantar yaransu ya tsaya. Matasa, ku san maƙwabtanku da suna, ku gaishe su, ku je musu barka da ta'aziyya, gama zumuncin da zai yi aiki ranar tashin hankali tun ranar zaman lafiya ake gina shi.

A ƙarshe, kada mu manta cewa dukanmu mun taɓa zama a rami. Zunubi ya kama mu ya bar mu cikin laka, ba mu da ƙarfin tashi ko da an umarce mu. Shuyiman ya sa ransa cikin hatsari, Allah ya tsare shi. Yesu Almasihu kuwa ya ba da nasa ran ɗungum a kan gicciye domin ya fid da mu, tun ba mu san shi ba, tun muna gaba da shi. In ba ka taɓa kama igiyar nan ba, yau ma tana zurare a gabanka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai da ka ga Irmiya a cikin rijiya, ka kuma ga bawanka a bakin kogin Kaladan, muna kawo maka dukan waɗanda suke tsare a dazuzzukan ƙasarmu a daren nan, sojoji da farar hula. Ka kiyaye ransu, ka tausasa zuciyar masu riƙe da su, ka tā da wanda zai ba su ruwa. Ka ta'azantar da matansu da 'ya'yansu da iyayensu. Ka warkar da waɗanda suka dawo da rauni a jiki da a zuciya. Ka ba sojojinmu ƙarfin hali tare da tsoronka. Ka sa wa garinmu Kaduna albarka, ƙetaren arewa da ƙetaren kudu, ka mai da mu maƙwabtan kirki. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.